A Daina Ajiye Matashi Mai Ciwon Ƙoda a Ɗaki

Ranar da likita ya dubi sakamakon gwaji ya ce wa iyali "ƙoda ce," kafin a kai ga sayen maganin farko an riga an yanke wa yaron hukunci a gida, kuma ba a yi shawara da shi ba. Za a karɓe makullin babur. Za a ce ya manta da filin ƙwallo. In ɗalibi ne a ce ya dakata da makaranta sai ya samu sauƙi, in yaron shago ne maigidansa ya ce ya je ya yi jinya, wurinsa na nan. A shimfiɗa masa katifa a ɗakin da ya fi sanyi, a sa ƙaninsa ya riƙa miƙo masa buta. Da ya yunƙura zai leƙa ƙofar gida sai mahaifiyarsa ta taso: "Ina kuma za ka? Don Allah ɗan nan koma ka kwanta, kada ka ja mana."

Ba na ganin laifin uwar da ta faɗi haka. Tsoro ne da ƙauna suka haɗe mata, kuma duk wanda ya taɓa ganin ɗansa ya kumbura har idanu sun rufe ba zai yi mata dariya ba. Amma akwai abin da na daɗe ina so in faɗa a fili. Wannan kwanciyar da muke tilasta wa matasa masu ciwon ƙoda, da raba su da abokai da harkokin jama'a da muke yi da sunan lallashi, ciwo ne na biyu da muke ɗora musu da hannunmu. Na farkon sai da likita da injin wankin ƙoda da kuɗi masu yawa. Na biyun kuwa muna iya ɗauke shi ba tare da an kashe ko sisi ba.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ba ina maganar wanda ke cikin tsananin ciwo ba, wanda ruwa ya taru masa a huhu yana haki daga zaune, ko jininsa ya hau ya ƙi sauka, ko yana fama da zazzaɓi, ko bai daɗe da fitowa daga tiyata ba. Wannan gado ne wurinsa har likita ya sallame shi. Ina maganar dogon zaman da ke biyo baya, na watanni da shekaru. Ciwon ƙoda mai daɗewa ba ya tafiya da kwanciyar kwana uku. Wanda aka ce ya jira sai ya warke kafin ya koma rayuwarsa, an ce masa ne ya jira abin da ba lallai ya zo ba, alhali shekarun samartakarsa suna wucewa ta bakin ƙofa yana jin motsinsu.

Da can mun ɗauka ciwon tsofaffi ne da masu hannu da shuni. Wanda ya san Gashuwa da Nguru da Jakusko a jihar Yobe ya san wannan zancen ya daɗe da rushewa. A wannan yanki na bakin kogi ciwon ya addabi jama'a har masu bincike a Jami'ar Jihar Yobe suka duƙufa neman musabbabinsa, kuma cikin waɗanda yake kamawa akwai samari majiya ƙarfi, manoma da masunta. A sauran garuruwanmu ma ƙofofin da yake shigo wa matashi suna da yawa. Akwai ciwon kumburi na yara, inda ƙoda ke zubar da sinadarin gina jiki cikin fitsari. Akwai sikila, wadda ke cin ƙoda a hankali. Akwai hawan jinin da ba a gano da wuri ba, da ciwon sukari, da tsargiyar da aka yi sakaci da ita har ta toshe hanyar fitsari. Sai kuma abin da muke saya da kuɗinmu, wato ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ɗan acaba ko lebura ke haɗiya kullum ba da umarnin likita ba, da jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san abin da ke cikinsu, da wasu mayukan bilicin masu sinadarin makuri. Saboda haka a yau ba abin mamaki ba ne ka shiga ɗakin wankin ƙoda ka tarar da ɗan shekara ashirin kusa da dattijo mai furfura.

Abin da kwanciya ke yi wa irin wannan jikin ba ɓoyayye ba ne ga likitoci. Ƙoda ba tace jini kaɗai take yi ba, ita ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini. In ta gaza sai jini ya yi ƙasa, mutum ya riƙa jin kasala ko da bai ɗaga tsinke ba. Dattin da ya taru a jiki yana rage cin abinci, yana kuma zaizaye tsoka. Ƙashi ma yana yin laushi. To ga mutum da ciwo ke cin naman jikinsa, mu kuma mun hana shi abu ɗaya da ke riƙe nama, wato amfani da shi. Ya kwanta saboda gajiya, kwanciyar ta ƙara masa rauni, raunin ya sa taku goma ya zama aiki, sai a ce ai ga shi nan, ba mun ce ya kwanta ba? Kowa ya san abin da ke samun babur in an jingine shi wata uku a zaure: batir ya mutu, taya ta sace, sarƙa ta yi tsatsa, alhali ranar da aka ajiye shi lafiyarsa lau.

Akwai kuma abin da yawancin iyalai ba su sani ba. Babban abin da ke kashe masu wankin ƙoda a duniya shi ne ciwon zuciya da na jijiyoyin jini. Matashin da ke kan inji yana cikin haɗarin zuciya da ya ninka na tsaransa nesa ba kusa ba. Zuciya kuwa tsoka ce, tana son aiki daidai gwargwado. Shi ya sa ƙungiyar KDIGO, wadda likitocin ƙoda a faɗin duniya ke bin ƙa'idojinta, ta ba da shawarar cewa babba mai ciwon ƙoda ya motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, ko gwargwadon abin da zuciyarsa da jikinsa za su ɗauka, yara kuma a ƙarfafa musu gwiwa su nufi minti 60 a kullum kamar sauran yara. Minti 150 ɗin nan in ka raba shi bai wuce rabin awa a kwana biyar ba.

An gwada abin, ba a baki kawai ya tsaya ba. A Italiya an yi wani bincike da aka buga a 2017, da masu wankin ƙoda kusan 300. Abin da aka sa rabinsu ba wani abin a zo a gani ba ne: tafiya a ƙasa, a gida, minti goma sau biyu a ranakun da ba su da wanki, ana ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Bayan wata shida waɗanda suka yi tafiyar sun fi sauran iya nisa da saurin tashi daga kujera, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ma'amalarsu da mutane ma ta gyaru. A Ingila kuma, a Leicester, garin da Ahmed Musa ya taɓa buga wa ƙungiyarsa, an sa majinyata suna tuƙa keken da aka kafa a gaban kujerar wanki na rabin awa, jini na zagayawa cikin inji su kuma suna ta feda. Sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna kaurin da ciwon ke sa wa bangon zuciya ya ragu bayan wata shida. Keke ne fa, ba wata sabuwar allura ba.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin wanki ba zai yi wuya ya gane yawan lokacin da ake kashewa a banza a wurin. Awa huɗu mutum na kishingiɗe, robobi biyu sun fito daga hannunsa ko wuyansa, ɗaya na kai jini cikin inji ɗaya na dawo da shi. Injin na ƙara jifa-jifa, nas ta zo ta danna ta wuce. Na taɓa zama kusa da wani saurayi da ba zai wuce ashirin da biyu ba, an lulluɓe shi da bargo saboda sanyin da wankin ke sa shi, wayarsa na hannun da ba a soke ba. Bidiyon ƙwallayen da aka ci a ƙarshen mako yake kallo, ya kashe sauti. Yayansa na waje a kan benci yana lissafin kuɗin zuwa na gaba a bayan takardar magani. Da aka gama aka ɗora shi a sikeli, aka rubuta nauyinsa, aka riƙo shi har bakin a-daidaita-sahu kamar zai fashe. An auna jininsa, an auna nauyinsa, an tambaye shi fitsari. Ba wanda ya tambaye shi yaushe rabonsa da taka ƙafa zuwa masallacin unguwa, ko su waye suka leƙo shi a makon nan.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce malam kana zancen keke da yawo, mutane kuwa gonaki suke sayarwa. Gaskiya ne. Ƙa'ida ita ce wanki sau uku a mako, amma da yawa daga majinyatanmu sau ɗaya suke samu, wasu sai jiki ya rikice ake ɗaukowa a guje. Ko da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 cewa ta rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, akwai kuɗin mota daga ƙauye, da allurar ƙarin jini, da gwaje-gwaje, da layin jira. Dashen ƙoda kuwa, duk da cewa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yin sa tun 2002, har yanzu miliyoyi ake magana, ga maganin da za a sha har ƙarshen rayuwa. Ba zan ce wa kowa tafiya a ƙasa tana maye gurbin inji ba. Wanda bai samu wanki isasshe ba jikinsa ba zai ɗauki abin da na mai samu zai ɗauka ba, dole a rage masa.

Sai dai wannan hujjar ni a wurina goyon bayana take yi. Tunda mafi yawan abin da majinyaci ke buƙata ya fi ƙarfin aljihunmu, me zai sa mu yi watsi da ɗan abin da ke hannunmu kyauta? Kuma ba kowane mai ciwon ƙoda ne ke kan inji ba. Ciwon mataki biyar ne, inji sai a na ƙarshe. Akwai ɗimbin matasa a matakan farko da na tsakiya waɗanda babban aikinsu shi ne riƙe hawan jini da sukari da nauyin jiki don jinkirta ranar da za a kai ga inji, motsa jiki kuwa yana cikin abubuwan da ke taimaka wa ukun nan. Irin waɗannan ma muna kwantar da su, daga jin sunan ciwon kawai.

Inda ake buƙatar hankali shi ne ƙasarmu ba Ingila ba ce. A Nguru ko Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, kuma bushewar jiki maƙiyiyar ƙoda ce. Wanda ƙodarsa ke aiki rabi-rabi in ya fita gudu da tsakar rana ya yi gumi bai mayar ba, zai iya ƙarasa abin da ya rage. Wanda ke kan inji kuma matsalarsa ta juya: an ƙayyade masa ruwa, galibi abin da bai wuce rabin lita ba a kan yawan fitsarin da ya yi jiya, wato kusan ledar fiya wata guda ke nan a kan abin da ya fitar. Ba shi da damar ya yi gumi sharkaf ya zo ya kafa kai a randa. Don haka lokacin fitarsa bayan asuba ne kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar sakaliya, ko bayan isha'i in unguwar da tsaro. Ma'aunin kuma mai sauƙi ne: ya yi tafiyar da zai iya hira a cikinta ba tare da numfashi ya sarƙe ba. In ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko bugun zuciya ya rikice, ya tsaya nan take a sanar da likita. Ranar da aka yi wanki jini kan faɗi, a bar shi ya huta, washegari ya fita.

Sauran kiyayewar ta danganta da abin da ke jikinsa. Wanda aka haɗa wa jijiya a hannu don wanki, wannan hannun ransa ne: ba ya ɗaukar jarkar ruwa da shi, ba a murɗe shi, ba ya kwana a kansa. Mai roba a wuya ko ƙirji ba ya shiga kogi ko kududdufi, don ƙwayar cuta na bin robar kai tsaye zuwa jini. Wanda aka yi wa dashe kuwa, sabuwar ƙodar ba a baya ake sa ta ba, a mara take, kusa da fata, inda naushi ko gwiwa ke iya samunta. Saboda haka dambe da kokawa sun fita daga lissafi, wannan ba gardama. Ƙwallon unguwa irin ta a-mutu-ko-a-yi-rai, wadda ake shiga da ƙafa biyu, ita ma sai da izinin likita. Amma tsakanin dambe da kwanciya akwai fili mai faɗi: tafiya, keke a hanya mai lafiya, tenis na tebur, buga ƙwallo tsakanin mutum biyu ko uku ba tare da karo ba, tashi da zama daga kujera sau goma, share tsakar gida, ban ruwan shuka.

Masu kallon ƙwallo za su tuna Ivan Klasnić na Kuroshiya, wanda ya buga wa Werder Bremen. An yi masa dashe a 2007, ƙodar farko da mahaifiyarsa ta ba shi jikinsa ya ƙi karɓa, aka sake da ta mahaifinsa. A 2008 ya buga gasar cin kofin Turai har ya zura wa Poland da Turkiyya ƙwallo a raga. Ba na kawo shi don in ce ɗan Gashuwa ya yi abin da ya yi ba, shi yana da likitoci da kuɗin da namu ba su da shi. Na kawo shi ne don a ga cewa jikin da aka yi wa dashe ba ƙwai ba ne. Wanda labarinsa ya fi kusa da abin da nake nufi shi ne Andy Cole, tsohon ɗan wasan Manchester United, da aka yi wa dashe a 2017. Ya fito fili ya faɗi irin ƙuncin zuciyar da ya shiga bayan aikin, har ya kafa asusun tallafa wa bincike kan rayuwa da lafiyar ƙwaƙwalwar masu ciwon. Mutumin da dubban jama'a suka yi wa tafi ke nan. To ina ga yaron da duniyarsa duka ita ce majalisar ƙofar gida, aka kuma raba shi da ita?

Nan ne nake ganin mun fi gazawa, mu da muke alfahari da zumunci. Makon farko gida cike yake. 'Yan uwa, maƙwabta, abokan makaranta, kowa da ledar lemo da ayaba, waɗanda ma yawanci an hana shi sha saboda sinadarin fotashiyam da ke iya tsayar da zuciyar mai wanki. "Sannu, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne." Shi kuma ya amsa, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," sau talatin a yini. Zuwa wata na biyu ƙafa ta ɗauke. Abokan ba mugunta ce ta hana su ba, ba su san me za su ce ba ne. Sun zo dubiya sau biyu, sun zauna shiru, sun yi addu'a sun tashi, abin ya yi musu nauyi. Ba wanda ya gaya musu cewa abokinsu ya ƙoshi da sannu. Abin da yake kewa shi ne a zo a ce masa ƙungiyarsa ba ta iya komai ba, a yi musu har murya ta dushe, a tsokane shi kan yarinyar da yake so, a ci shi a ludo a yi masa dariya.

Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, amma mun mayar da ita ƙafar mai dubiya kaɗai. Ƙafar majinyacin ma tana da haƙƙi. Ku zo ku ɗauke shi ku tafi gidan kallo ranar Asabar, a samo masa kujera kusa da ƙofa inda iska take. Ku je ɗaurin aure da shi. In an zauna wurin mai shayi ya ce rabin kofi zai sha, ko ya ce ba zai ci tsiren ba saboda gishiri da dunƙule, kada a mai da abin zance, kada kuma a yi ta "haba ɗan kaɗan ai ba komai." Da azumi in likita ya hana shi yi, a kira shi shan ruwa duk da haka, a kuma san cewa dabino ba nasa ba ne sai da awo. Da yawa daga cikinsu ba rashin ƙarfi ke hana su fita ba, kunya ce: fuska ta kumbura saboda maganin prednisolone, fata ta yi duhu ta bushe, ga roba a wuya da ake rufewa da rawani ko hirami. Kallo ɗaya na tausayi a bakin layi ya isa ya mayar da mutum ɗaki na wata guda.

Akwai kuma wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan hoton da jama'a suka sani na matashi mai ciwon ƙoda shi ne na neman taimako a Facebook: yana kwance, an yaye riga a nuna kumburi, ga lambar asusun banki a ƙasa. Ban ce a daina neman taimako ba, da yawa da shi suke raye. Amma a tambayi mai jikin kafin a ɗauka, a kuma bar masa suturarsa. Yaron nan gobe zai so ya nemi aiki, zai so ya je zance, hoton kuwa ba ya gogewa.

'Yan mata abin ya fi yi musu tsanani, kuma ba a cika maganarsu ba. Saurayi ko ba komai yana da dakalin ƙofar gida. Budurwa in aka cire ta daga boko da Islamiyya, aka ce ba ta zuwa biki ba ta zuwa suna, shi ke nan an rufe ta ruf. Wani gidan ma ɓoye ciwon ake yi don kada manema su gudu, sai ɓoyon ya zama kurkuku. Aikin gida da take ɗan motsawa da shi ma a karɓe, a ce "bari ƙanwarki ta yi." Ina roƙon iyaye mata su bar ta ta yi shara, ta yi tankaɗe, ta taka zuwa gidan ƙawarta a yi kitso da lalle, ta koma hadda ko da rabin yini ne. Zagaya tsakar gida na minti goma da safe da yamma tare da 'yar uwa, ana hira, shi ne fa kusan abin da aka gwada a Italiya.

Makaranta da sana'a ma haka. Ɗalibin da ke wanki Litinin da Alhamis yana da sauran ranaku. Abin da yake buƙata daga shugaban makaranta ko malamin jami'a shi ne a ɗaga masa ƙafa kan rashin zuwa, a sake masa ranar jarrabawa in ta faɗo ranar inji, a bar shi ya fita bayan gida ba sai ya yi dogon bayani a gaban aji ba. Maigida a kasuwa ya mayar da yaronsa kan lissafi da karɓar kuɗi maimakon dako. Ɗan abin da zai samu ba zai biya wanki ba, amma mutumin da kullum ake kashe wa kuɗi yana jin ana sayar da filin gado saboda shi, ranar da ya sayi katin waya da guminsa wani abu na dawo masa a zuciya.

Sannan su san junansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba mai fahimtar ƙishin wanda aka ƙayyade wa ruwa a watan bazara kamar wanda ke tsotsar ƙanƙara irin tasa. A wasu ƙasashe an daɗe da gane haka. Tun 1978 aka fara gasar wasanni ta waɗanda aka yi wa dashe a Portsmouth ta Ingila, ta girma ta zama ta duniya, har birnin Durban na Afirka ta Kudu ya karɓi baƙuncinta a 2013. Mu ba sai mun fara da nan ba. Matasan da ke haɗuwa a ɗakin wanki ɗaya duk mako suna iya buɗe zauren WhatsApp, su sa ranar da za su haɗu su taka tare, a samu nas ko likita ɗaya a ciki da zai riƙa tsawatarwa, don irin wannan zaure ba ya daɗewa masu tallar maganin "wanke ƙoda cikin kwana bakwai" ba su kutso ba. Ranar Ƙoda ta Duniya da ake yi duk Alhamis ta biyu a watan Maris, maimakon ma'aikatan lafiya su yi tattaki da riguna masu tambari majinyata na kwance a ciki, a sa waɗanda za su iya a sahun gaba, ko da zagaye ɗaya ne na harabar asibiti.

Maganata ta ƙarshe ga likitoci da nas-nas ce, don duk abin da na faɗa ba zai shiga kunnen uwa ba in ba daga bakinsu ya fito ba. Na san layi na da tsawo, ma'aikata kuma sun yi kaɗan. Amma iyali suna fita daga ofishin likita da jerin hani: ban da gishiri, ban da kanwa, ban da ruwa da yawa, ban da jiƙo. Ba a faɗa musu abin da aka yarda ya yi ba, su kuma sai su cike gurbin da hana komai. Manyan asibitocinmu na koyarwa suna da sashen gashin ƙashi da motsa jiki, Jami'ar Bayero ma tana yaye masu wannan ilimi duk shekara, ba abin da zai hana ɗaya daga cikinsu ya riƙa leƙa ɗakin wanki sau ɗaya a mako yana gwada wa kowa abin da ya dace da jikinsa. Kafin a kai ga haka, likita ya kira mahaifiyar ta shigo, ya faɗa a gabanta, ya kuma rubuta a katin a ƙasan magunguna: tafiya minti goma safe da yamma ban da ranar wanki, ya koma makaranta, ya fita wurin abokansa. In ya dawo ganin likita a tambaye shi ko ya yi, kamar yadda ake tambayarsa ko ya sha ƙwayar hawan jini.